RA'AYINMU: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A 'yan shekarun nan wata hanyar taimakon jama'a ta fara samun gindin zama a ƙasarmu, wadda iyayenmu ba su san ta da wannan tsari ba. Ita ce a tara mutum takwas ko goma waɗanda damuwa iri ɗaya ta dama, su zauna tare mako-mako, kowa ya fitar da abin da ke cin zuciyarsa, wani da aka horar yana riƙe da ragamar zaman. Akwai zaman gwauraye, akwai na samarin da ke neman rabuwa da ƙwaya, akwai na iyayen da suka rasa 'ya'ya, akwai kuma na waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu. Likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jin daɗin jama'a sun daɗe da gane cewa irin wannan zama magani ne, in an yi shi yadda ya kamata.

To amma ba kullum ake samun ƙwararre ya ja zaman ba. Wani lokaci ɗalibi ne, mai karatun aikin jin daɗin jama'a, wanda makarantarsa ta turo shi asibiti, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko wata ƙungiya, ko majami'a, domin sanin makamar aiki. Zai yi makonninsa, ya cika littafin rahoto, shugaban wurin ya sa hannu ya buga hatimi, malaminsa ya zo sau ɗaya ko sau biyu ya duba shi, a ba shi maki, ya koma makaranta. A cikin dukan wannan tsari akwai mutanen da ba safai ake tambayarsu kome ba, su ne kuwa waɗanda suka zauna a gabansa suka buɗe masa cikinsu. Ra'ayinmu shi ne, bai kamata a ce ɗalibi ya ci wannan jarrabawa ba sai an ji ta bakin waɗanda ya yi wa aiki, kuma a ji ta hanyar da za su iya faɗin gaskiya.

Kada a ɗauka muna ƙyamar zuwan ɗalibai. Muna bukatarsu ƙwarai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14 da dubu 300 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da aka yi binciken, kuma an ƙiyasta na Jihar Kano kaɗai sun haura miliyan guda. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi a cikin gida, amma hana kwalba bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, an kuma kafa cibiyar gyaran tarbiyya a Kiru. Duk da haka, mutumin Getso ko na ƙauyukan Gwarzo da Kabo sai ya nemi kuɗin mota, ya bar gona ko kasuwa, kafin ya ga ƙwararre na minti kaɗan. Saboda haka idan aka ce ga ɗalibi ya zo har gida zai zauna da jama'a kyauta, wannan alheri ne. Ban da haka ma, da yawa cikin ɗaliban nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, mu muka sayar da masara da akuya muka biya musu kuɗin makaranta. Muna so su ƙware, kuma ƙwarewar tasu ce ta sa muke wannan magana.

Mu dubi abin da ke faruwa a cikin irin wannan zama. A ce gwauraye tara ne suke haɗuwa a ajin makarantar Lahadi kowace Alhamis da yamma, wata ɗaliba 'yar shekara ashirin da uku tana ja musu zaman. Malaminta ya zo duba ta. Zai ga ta shirya kujeru da'ira, ta fara a kan lokaci, ta gaida kowa da sunanta, ta bi matakan da aka koya mata, ta rufe zaman lafiya. Zai rubuta cewa ta yi kyau, kuma bai yi ƙarya ba. Amma akwai abubuwan da idonsa ba zai gani ba. Ba zai san cewa mata biyu ne suke cinye maganar kowane mako ba, sauran suna kallo. Ba zai san cewa ɗaya daga cikinsu ba ta buɗe baki domin 'yar'uwar marigayi mijinta tana zaune a wurin, alhali kuwa rigimar gonar gado da dangin miji ita ce ainihin ciwonta. Ba zai san cewa abin da wata ta faɗa a makon jiya ya riga ya kai bakin rijiya ba. Ba zai san cewa ɗalibar tana jefa kalmomin Turanci waɗanda tsofaffin ba su ganewa, ko kuma ta matsa wa wata ta ba da labarin ranar da aka kawo gawar mijinta, ta koma gida ta kwana uku ba barci. Duk waɗannan, masu zaman ne kaɗai suka sani.

Wani zai ce ai ɗalibar da kanta za ta lura. To, ko manyan ƙwararru ba su cika lura ba. A shekarar 2005 aka buga wani bincike da aka yi a Amurka, a wata cibiyar ba da shawara ta jami'a. An roƙi masu ba da shawara su faɗi waɗanda suke ganin halinsu zai ƙara taɓarɓarewa cikin mutum 550 da suke dubawa. Mutum uku kacal suka nuna. Da aka kai ƙarshe, sai aka tarar mutum 40 ne halinsu ya taɓarɓare, kuma cikin ukun da aka nuna, ɗaya ne kawai aka dace. Waɗannan mutane ne masu ilimi da kyakkyawar niyya, amma ɗan Adam yana da halin ganin aikin hannunsa da kyau. Wannan ne ya sa waɗansu masana a can, irin su Scott Miller da Barry Duncan, suka tsara gajerun tambayoyi huɗu da ake yi wa mutum a ƙarshen kowane zama: ko ya ji an saurare shi an mutunta shi, ko an tattauna abin da ya kawo shi, ko hanyar da ake bi ta dace da shi, da kuma yadda ya ga zaman gaba ɗaya. Daga baya aka yi irinta domin zaman rukuni. Idan ƙwararre mai shekaru a bakin aiki yana bukatar a gaya masa, ina ga ɗan koyo?

Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. Idan aka ɗauko takardar tambayoyi ta Turawa aka raba a Getso kamar yadda take, za a tara takardu cike da yabo, a koma da su makaranta, ba a san kome ba. Dalilan kuwa mun san su, domin halinmu ne. Na farko kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu kushe baƙo a idonsa, balle wanda ya zo taimako bai karɓi ko kwabo ba. Ka tambayi dattijuwa a gaban ɗalibar, "Mama, yaya kika ga aikin yarinyar nan?" Amsarta ɗaya ce: "Madalla, Allah Ya yi mata albarka." Na biyu tausayi. Jama'a sun san maki ake nema, ba wanda yake so a ce shi ya jawo wa 'yar mutane faɗuwa. Na uku tsoro. Inda aka haɗa zaman da rabon tallafi, ko hatsi ko taki ko jari, kowa zai yi zaton wanda ya yi ƙorafi za a cire sunansa. Inda Fasto ko dattijon ikilisiya ne ya kawo ɗalibin, kushe ɗalibin kamar kushe shugaba ne. Na huɗu rubutu. Da yawa cikin iyayenmu mata ba su karatu, waɗanda suke yi kuwa Hausa suke karantawa, kuma a ƙaramin rukuni kowa ya san rubutun kowa.

Manyanmu za su tuna zaɓen ƙato bayan ƙato na farkon shekarun 1990, lokacin da mutum zai tsaya a layi a bayan hoton ɗan takara, mai gari da mai gidan haya da surukinsa duk suna kallonsa. Mun san yadda mutane da yawa suka tsaya inda zuciyarsu ba ta tsaya ba. Tambayar masu zama a gaban ɗalibi, ko a gaban wanda ya kawo shi, ita ma ƙato bayan ƙato ce.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka, ga duk wurin da za a karɓi ɗalibi ya ja irin wannan zama.

Na ɗaya, tun ranar farko a gaya wa jama'a a fili cewa wannan ɗalibi ne, yana koyo, ga sunan makarantarsa, ga wanda yake lura da shi, ga kuma ranar da zai tafi. Kada a bar su suna kiransa likita. A gaya musu za a riƙa tambayarsu yadda suka ga zaman, kuma wanda ba ya so ya amsa, ko ba ya so ya ci gaba da zuwa, ba abin da zai rasa.

Na biyu, mai tambayar ya zama wani dabam. Kada ya zama ɗalibin, kada ya zama mai rabon tallafi, kada kuma ya zama shugaban da jama'a suke jin nauyinsa. A bar masu zaman su zaɓi wanda suka yarda da bakinsa. Mata su zaɓi mace, samari su zaɓi wanda ba zai kai wa iyayensu labari ba.

Na uku, a yi tambayar da Hausa, da baki, kuma a tanadi hanyar amsawa wadda ba ta bukatar rubutu. Abu ne mai sauƙi. A ajiye ƙorai uku a bayan zana ko labule, a rufe su da faifai: ɗaya ta "e", ɗaya ta "dama-dama", ɗaya ta "a'a". A ba kowa ƙwayar masara ko gyaɗa. A karanta tambaya, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa. Tambaya huɗu ko biyar sun isa: An bar ni na yi magana? Mun taɓo abin da ya dame ni? Na gane abin da ake faɗa? Hankalina ya kwanta cewa asirina ba zai fita ba? Na koma gida da sauƙi ko da nauyi? Wannan ba ya cin minti goma, ba ya cin ko sisi.

Na huɗu, a koyi yin tambayar da za ta ba mutum ƙofar faɗin gaskiya ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba. Bahaushe ba zai ce maka aikin wane ba shi da kyau ba, amma in ka ce masa, "Da ƙanwarka ce za ta shiga wannan zama, me za ka so a gyara kafin ta zo?" sai ka ji bayani. Haka nan in ka ce, "Wace shawara za ki ba yarinyar nan, a matsayinki na uwa, don ta ƙara iya aikinta?" tsohuwar da ta ce madalla ɗazu za ta zayyana maka abubuwa biyar.

Na biyar, kada a jira ranar ƙarshe. Ra'ayin da aka tara ranar bankwana, ana cin shinkafa ana ɗaukar hoto, ba zai amfani waɗanda suka ba da shi ba. A tambaya bayan zama na biyu ko na uku, a sake a tsakiya, a sake a ƙarshe. In da hali a koma bayan wata biyu da tafiyar ɗalibin, domin a lokacin ne harshe yake sakewa.

Na shida, a bi sawun waɗanda suka daina zuwa. A wurinmu shiru ma magana ce, kuma wanda abu bai gamshe shi ba ba ya gardama, ƙafarsa yake ɗaukewa. In an fara da goma aka ƙare da huɗu, yabon huɗun nan bai isa shaida ba. A je gida a gaishe su, a tambaya cikin hikima. Wataƙila shuka ce ko girbi ko ranar kasuwa ta hana su, wannan ma darasi ne ga mai tsara lokaci. Wataƙila kuma wata kalma ce ta soke su.

Na bakwai, kuma shi ne babba, abin da aka ji a yi aiki da shi, a kuma dawo a gaya wa jama'a. Malamin ɗalibi ya zauna da shi su duba tare, ba tare da ambaton sunan kowa ba. A zama na gaba ɗalibin ya ce, "Kun ce ina saurin magana, kun ce waɗansu ba su samun fili, ga abin da za mu canza." Ranar da jama'a suka ga maganarsu ta motsa wani abu, daga ranar za su fara faɗin gaskiya. In kuwa an tambaye su an zuba a aljihun tebur, ba za su sake ɓata yawunsu ba.

Mun san akwai masu ja. Waɗansu za su ce, yaya za a ba ɗan ƙwaya ko mai taɓin hankali dama ya auna mai ilimi? Amsarmu ita ce, ba a ce ya auna ilimin littafi ba, wannan aikin malamai ne. An ce ya faɗi ko an saurare shi, ko an wulakanta shi, ko an tona masa asiri, kuma a kan waɗannan babu malamin da ya fi shi sani. Mun ga inda rashin tambaya yake kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa, aka kuma gano irinsa a waɗansu garuruwa. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a wurare iri-iri a ƙasar nan, na gwamnati da na gargajiya, na Musulmi da na Kirista. Nesa ba kusa ba ne tsakanin wannan da zaman da ɗalibi yake ja, amma tushen ɗaya ne, wato a ɗauka mai ciwo ba shi da ta cewa a kan abin da ake yi masa.

Mun kuma ga inda tambaya take kaiwa. A ƙasar Uganda, a yankunan Masaka da Rakai inda cutar ƙanjamau ta yi ɓarna, Dokta Paul Bolton da abokan aikinsa tare da ƙungiyar World Vision sun gwada zaman rukuni a ƙauyuka 30. Kafin su fara kome sai da suka tambayi mutanen wurin sunan da suke kiran wannan ciwon zuciya da shi a harshensu, da ayyukan da yake hana su yi. Suka horar da 'yan ƙasa na mako biyu, aka yi zama mako 16, maza dabam mata dabam. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka yi zaman, ƙasa da 7 cikin 100 ne suka rage da matsananciyar damuwa, alhali a ƙauyukan da ba a yi ba, fiye da rabi suna nan da ita. Waɗanda suka ja zaman ba likitoci ba ne. Aikin ya yi kyau domin an gina shi a kan abin da masu ciwon suka faɗa.

Waɗansu kuma za su ce za a zalunci ɗalibi, domin wanda aka gaya wa gaskiya mai ɗaci yana iya rama wa da ƙwayar masara. Wannan damuwa ce ta gaskiya, shi ya sa ba mu ce ra'ayin masu zama shi kaɗai zai yanke hukunci ba. A haɗa shi da abin da malami ya gani, da abin da ɗalibin ya rubuta game da kansa. Ƙwaya ɗaya a ƙwaryar "a'a" ba ta kayar da kowa. Amma in mako uku a jere rabin jama'a suna cewa ba su sami bakin magana ba, malamin da ya kau da kai ya cuci ɗalibinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A watan Disamba na 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta lura da aikin jin daɗin jama'a a Nijeriya, a watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na a mutunta shi a rufa masa asiri. Muna kira ga masu tsara horon ma'aikatan jin daɗin jama'a, da jami'o'i da kwalejojin da ke turo ɗalibai, su buɗe shafi a littafin rahoto domin muryar waɗanda aka yi wa aiki. Muna kira ga ofisoshin jin daɗin jama'a na Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu, duk lokacin da za su karɓi ɗalibi, su sa wannan cikin sharuɗɗa.

Ga Fastoci da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, in an nemi ɗaki da jama'a a wurinku domin irin wannan aiki, ku yi tambaya kafin ku ba da mabuɗi: wa yake lura da ɗalibin, yaya za a ji ta bakin jama'armu, kuma wa zai ci gaba da su bayan ya tafi? Bayan haka ku ja gefe, kada ku nemi sanin wa ya ce me. Amanar da aka ba ku ta haɗa da asirin waɗannan bayin Allah.

Ga 'yan'uwa masu halartar zaman, in an tambaye ku, ku faɗi abin da ke ranku cikin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yabon da kuka yi don kunya, wata gwauruwa ce a wani gari za ta biya kuɗinsa shekara biyar nan gaba, lokacin da ɗalibar nan ta zama babbar ma'aikaciya ba ta san tana da wannan gyara ba.

Ga 'ya'yanmu ɗalibai kuwa, kada ku ji tsoron ƙwaryar nan. Matambayi ba ya ɓata. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya koya muku a cikin jimla guda abin da ba ku samu a shekara biyu ba, in kun ba ta fili kun kuma nuna mata ba za ku yi fushi ba.

Allah Ya ba mu kunnen sauraro, Ya warkar da masu raunin zuciya a cikinmu, amin.